Waya Nawa Ka Zo da Su?

Sana'ata dillancin shanu ce. A Ɗanzomo aka haife ni, can iyalina suke, amma in za a duba kwanakin shekara na fi kwana a masaukin baƙi fiye da ɗakina. Ina haɗa dabbobi a Maigatari ranar Alhamis, a loda su zuwa kudu, wani lokaci in bi bayansu, wani lokaci in tsallaka Damagaram neman na mako mai zuwa. Da awaki biyu na fara, kuma ba wanda ya koya min komai a zaune. A tsaye na koya, cikin kara, tsakanin ƙahoni.

Waya uku nake yawo da su, da tabilet ɗaya. Babbar wayar ta mutanen kudu ce, masu saye. Ta biyu tana ɗauke da layin Nijar. Ta uku ta gida ce, in ta yi ƙara na san maiɗakina ce ko mahaifiyata. Tabilet kuwa don bidiyo nake riƙe da shi, saboda yanzu mai saye ba ya tasowa daga Ibadan ya zo ya dafa tozon sa. Yana zaune a mayankarsa zai ce ka zagaya masa dabba, ka buɗe bakinta ya ga haƙora.

Wanda ke ɗauke da irin wannan kaya, otal-otal na birni sun san yadda za su yi da shi. A wani otal a Legas aka ba ni 'yar takarda mai lamba, na saka a waya ɗaya ta buɗe, na saka a ta biyu ta ƙi. Na sauko wurin mai karɓar baƙi, ta ce kowace waya da takardarta, kowace takarda da kuɗinta, kuma in gari ya waye ta mutu sai an sake saye. Na ce mata ni mutum ɗaya ne, gado ɗaya na kama. Ta ce su ba mutum suke ƙirgawa ba, waya suke ƙirgawa. Na biya don ba yadda zan yi, amma abin ya tsaya min a rai, don na gan shi a wurare da yawa bayan nan.

Wani mai gyaran waya a Kano ne ya nuna min mafita. Akwai irin wayar da za ta karɓi waifai na otal, ita kuma ta raba wa sauran wayoyinka ba tare da kowa ya gani ba. Na sayi irinta, na mayar da ita babbar wayata. Tun daga ranar, duk inda aka tambaye ni waya nawa ce da ni, sai in ce ɗaya. Ban taɓa ɗaukar hakan ƙarya ba. Ciniki na ɗauke shi: sun zo da dabararsu, na zo da tawa.

Da wannan halin na sauka a masaukin Hajiya.

Wanda bai san Maigatari ranar kasuwa ba ba zai gane darajar gidan nan ba. Tun daga yammacin Laraba garin ke cika, sabis ya cunkushe, saƙo ɗaya ya yi ta juyi a waya har ka gaji ka mayar da ita aljihu. Kana tsaye a ƙasarku, wayarka za ta tsallaka ta kama layin Nijar, ta cinye katinka kafin ka lura. A gidan Hajiya kaɗai, can bakin gari ta hanyar Gumel, na san mutum zai zauna ya aika bidiyo ya tafi.

Hajiya mutuniyar Gumel ce, jikar Mangawa. Ta yi shekaru tana aikin gwamnati, ta fara da buga tafireta ta ƙare tana riƙe da ofishin ajiye takardu. Da ta yi ritaya sai ta karɓi tsohon gidan mahaifinta na Maigatari ta gyara. Shi mahaifin fatoma ne a zamaninsa, wato mai saukar fatake: ya ba su wurin kwana, ya tsare musu dukiya, ya tsaya musu wurin ciniki. Ita ta mayar da zaurukan ɗakuna, ta kafa dogon ƙarfe a kan rufi da eriya tana fuskantar Gumel, ta sa sola da batir don kada na'urar intanet ta mutu in an ɗauke wuta. Ba wanda ya tsara mata. Ta tambayi masu aikin, ta sa sun maimaita mata har ta gane, sannan ta sallame su.

Tsarinta ɗaya ne. Na'urar ba ta ɗaukar waya fiye da wani adadi, in an wuce shi kowa sai ya koma rarrafe. Saboda haka ba ta rubuta lambar sirri a bango kamar yadda wasu ke yi. Ita da kanta take shigar da kowace waya, ta kwamfutar ofishinta mai haɗe da na'urar da igiya, tabarau a kan hanci, yatsu goma suna tafiya ba ta ko kallonsu. Duk baƙon da ya iso ranar Laraba, bayan gaisuwa, tambayarta ta farko ita ce:

"Waya nawa ka zo da su?"

Ni kuwa da jin haka sai kunnena ya ji muryar mai karɓar baƙi ta Legas. Na ce, "Ɗaya ce, Hajiya." Ta kalli aljihunan rigata, da suka yi nauyi har wuyan ya karkace, ta karɓi babbar wayar ta shigar, ta miƙo min. Ban tambaye ta ko akwai ƙarin kuɗi ba. Ɗan kasuwa yana gudun tambayar da za ta tayar da farashin da ke kwance. Haka muka yi wata da watanni, kowace Laraba tambaya ɗaya, amsa ɗaya.

Akwai wani dattijo makiyayi da rugarsu ke wajen Sule Tankarkar, Baffa nake ce masa. Shi ne mutum na farko da ya taɓa danƙa min igiyar sa ya ce in je in sayar masa, lokacin da ba wanda ya san sunana a kara. A shekarar da nake ba da labari ya yi kiwon bijimai tara, ya ɗaure su yana ba su dusa da harawa har suka yi sheƙi. Na je har ruga na gan su, na ce masa kada ya saurari kowa, ina da mutum a Ibadan da zai ɗauke su gaba ɗaya da farashin da ba za a samu a nan ba. Ya ce ya ji. Shi da ƙaninsa suka koro su a ƙafa, a hankali, don kada su zube.

Safiyar Alhamis ina shirin fita daga masauki saƙon mutumin Ibadan ya shigo. Ya ce bidiyon da aka ɗauka aka aiko ba zai karɓa ba, don an taɓa nuna masa shanun bara aka loda masa wasu. Sai ya gan su kai tsaye, muna magana suna motsi, kuma kafin la'asar, don in bai gani ba zai cike tirelarsa da na wani dillalin. Na ce ba damuwa, duk da na san a kara ba sabis.

Da na isa, na tarar dillalai uku sun riga sun zagaya bijiman Baffa sun taya, taya mai kyau kuwa. Ya sallame su duka da magana ɗaya, cewa ya riga ya yi magana da ni. Na ga sun wuce sun sayi na wasu. Duk wanda ya san kasuwa ya san abin da hakan ke nufi: in rana ta karkata, masu manyan motoci sun cika, sai dai ka sayar a wulaƙance ko ka kora dabbobinka gida su rame a hanya. Kuma a kan maganata dattijon ya tsaya.

Wani lokaci in mutum ya hau saman tirela yakan kama sabis kaɗan. Na kama ƙarfe na hau, na ɗaga babbar wayar sama ina juyi da ita kamar mai neman wata. Direban bai san ina sama ba, ya ɗan ja motar gaba don a buɗe wa wata hanya. Na kama ƙarfe da hannu biyu. Wayar ta faɗa tsakiyar garken da ake korowa lodi. Da suka wuce na sauko na tsince ta a lanƙwashe, gilashin ya zama gari.

Na hau acaɓa na koma masauki, ana kiran azahar. A tsakar gida na kunna tabilet, ya ga waifai na Hajiya sarai, ya ƙi shiga. Na gwada sauran biyun, haka. Ba su taɓa shiga da kansu ba, ta bayan babbar wayar suke sha, ita kuwa ta mutu. Na yi tunanin Gumel, inda sabis yake lafiya lau, amma bijimai tara ba sa hawa acaɓa. Na daɗe a tsaye a ƙarƙashin bishiyar darbejiyar gidan. Na sha tsayawa gaban jami'an iyaka da 'yan kamasho ban ji komai ba, amma taku goman da ke tsakanina da ƙofar ofishin matar nan sun yi min nisa.

Na yi sallama na shiga. Tana ɗinke bakin wata rigar matashi. Na zaro wayar Nijar na ajiye a teburinta, na zaro ta gida, na ajiye tabilet, sannan na ɗora fasasshiyar a gefe. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta saman tabarau.

"Ikon Allah, Alhaji. Wayar taka haihuwa ta yi?"

Na faɗa mata komai, har da dabarar mai gyaran Kano. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce tun makon farko ta sani, don kwamfuta tana nuna mata abin da kowace waya ke ja, kuma ba ta taɓa ganin waya ɗaya mai cikin huɗu ba sai tawa. Na tambaye ta me ya hana ta yi min magana. Ta ce ni baƙonta ne, abin da baƙo ya faɗa da bakinsa shi take ɗauka. Sai na sa hannu a aljihu na ce ta faɗi ko nawa ne kuɗin kowace waya, har na baya, zan biya.

Ta cire tabarau ta ajiye.

"Wa ya ce maka kuɗi ne? Kuɗin ɗakinka ya ɗauke shi tun ranar da ka fara zuwa. Ina tambaya ne don in san yadda zan raba. Ka ce ɗaya, na ba ka ɗaya, sauran na ba mutanen Damagaram. Yanzu ba gurbi ko guda."

Ta jawo kwamfutar, ta ɗan yi danne-danne, ta ce in miƙo tabilet ɗin. Wayarta ta cire ta saka nawa. Duk wanda ya saba kwana a gidan ya san ranar Alhamis bayan azahar 'yarta da ke aure a Abuja take kiranta ta bidiyo ta nuna mata jika, don har ɗakunanmu mukan jiyo ta tana yi wa yarinyar wasa. Na ce mata haka. Ta ce jika ba za ta tsufa kafin Juma'a ba.

Na ce saura matsala ɗaya, shanun suna kara, waifai kuma bai wuce katangar gidan nan ba. Ta dube ni kamar na faɗi abin da bai kai a faɗa ba. Ta ce in je in kawo su. Filin bayan gida, inda baƙi ke ajiye motoci, nan ne mahaifinta yake ɗaure dabbobin fatake, turakun ma suna nan ba ta bari an tumɓuke ba. Ta ƙwala wa maigadi kira, wani tsoho da ya yi aiki da mahaifin nata, ta ce a janye motoci biyu a buɗe ƙofar baya.

Baffa bai tambaye ni dalili ba. Na ce masa mai saye zai gan su a wani gida, ya ɗaga sanda ya yi wa ƙaninsa magana da Fulatanci, suka biyo ni ta bayan gari. Muna isa muka tarar Hajiya a bakin ƙofa, ta yafa mayafi, ta riƙe ƙugu.

"Bafillace, kai nawa ka zo da su?"

"Tara," in ji Baffa, ko numfashi bai ja ba. "Da mu biyu. Yaushe Mangawa suka fara iya ƙirga shanu?"

"Tun lokacin da muke ba kakanninku wurin kwana. Malam maigadi, a cika komi da ruwan shanu tara. Ka ƙara bokiti biyu don masu shanun, in ba haka ba za su sha na dabbobin."

Baffa ya yi dariya har ya dafa sanda. Ashe ya san gidan. Ya ce yana saurayi ya taɓa rako mahaifinsa nan, kuma tsohon fatoman haka yake yi, kafin a gama gaisuwa ya tambayi adadin dabbobi, don ya san guga nawa za a ja daga rijiya da dusa nawa za a jiƙa. Ya ce akwai wani falke da ya taɓa rage adadi don yana tsoron za a caje shi, aka ja ruwa daidai abin da ya faɗa, raƙumansa biyu suka kwana da ƙishi. Baffa yana ba da labarin yana dariya, bai san da wa yake ba. Hajiya ba ta kalle ni ba. Maigadi ne ya kalle ni.

Kafin in kira Ibadan ta bi ɗakuna tana ƙwanƙwasawa, tana roƙon kowa ya kashe waifai na ɗan lokaci, baƙonta yana da ciniki. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Amma wani Badamagare mai fataucin raƙuma, wanda muka saba tsokanar juna, ya leƙo ya ga tabilet a hannuna da wayoyi biyu a aljihu. Ya yi min magana da Hausarsu ta Nijar, inda maigida shi ne patiro, sabis kuma rezo.

"A'a, patiro, ba kai ne mai waya guda ba? Mu da muka faɗi gaskiya mu za mu bar maka rezo?"

Ya kashe tasa duk da haka, ya fito ya kama min igiyar bijimin farko.

Mutumin Ibadan ya ɗauka. Hoton ya fito tas, har ƙudan da ke kan tozo ana gani. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya: a zagaya, a buɗe baki, a ja shi ya taka. Ya ce in ɗaga hular Baffa in mayar, don ya tabbata ba tsohon bidiyo ba ne, dattijon ya tsaya ƙiƙam aka yi. Muna kan na bakwai hoton ya daskare. Sai muryar Hajiya ta taga, tana cewa akwai mai shan waifai a ɗaki na uku. Badamagaren ya saki igiya ya ruga, ya tarar da abokin tafiyarsa kwance yana kallon kokawa, ya ƙwace wayar ya fito da ita a hannu yana yi masa faɗa. Hoton ya dawo.

A na ƙarshe mai saye ya ce yana ɗingishi, a rage. Baffa ya durƙusa, ya ɗaga ƙafar bijimin, ya zare wata ƙaya daga tsakanin kofato ya kawo ta daf da tabilet ɗin. Aka ja shi ya taka lafiya. Mutumin ya yi dariya ya ce a loda duka. Ba a kira la'asar ba sai da muka kai su bakin tirela.

A hanyar komawa kara na faɗa wa Baffa gaskiyar abin da ya faru, da yadda ƙaryar waya ta kusa jawo masa asarar kiwon shekara. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce ashe falken raƙuman nan yana da jika. Bai ƙara ba. Har yau ni yake kawo wa dabbobinsa, sai dai duk sanda muka haɗu, kafin ya amsa gaisuwata, sai ya taɓa aljihuna da kan sandarsa ya tambaye ni yau nawa ne.

Na yi ƙoƙarin ba Hajiya wani abu a kan ruwan da filin, ta ƙi. Ta ce mahaifinta bai taɓa sayar wa baƙo ruwa ba, ba a kanta za a fara ba. Abin da na iya yi shi ne na aika maigadi da ƙafar rago washegari, ita ma rabawa ta yi wa baƙi.

Ba zan ce na sauya gaba ɗaya ba. Na sayi wata wayar irin wadda ta fashe, kuma a otal ɗin da ke sayar da takarda ga kowace waya har gobe ɗaya nake cewa. Su ciniki suke yi da ni, ni ma shi nake yi da su. Amma na yi kwana a wurare masu hawa goma da na'urar sanyaya ɗaki, ban ga inda aka tsara abin nan da hankali kamar gidan matar nan mai tsofaffin turaku a bayansa ba.

Larabar da ta biyo baya na iso da yamma, gidan ya cika da baƙi. Muka gaisa, ta tambayi mutanen Ɗanzomo, ta gyara tabarau.

"Waya nawa ka zo da su?"

"Huɗu ne, Hajiya."

Ta duba kwamfuta ta ce uku za ta iya ba ni, ta huɗun sai Juma'a in mutane sun ragu, in zaɓi wadda za ta jira. Sabuwar wayar tana aljihuna, kuma na san abin da za ta iya yi in na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Na zaro ta na ajiye mata a kan tebur, na ce wannan ce za ta jira, ta riƙe min ita a nan. Ta buɗe aljihun teburin ta saka ta kusa da zare da allura, ta miƙo min makullin ɗakina.